Man giyar baya a tsohon babur: yadda ake dubawa

Malam, ka ce baburinka mai shaf ne (sandar ƙarfe da ke juya tayar baya), ba mai sarƙa ba, kana neman yadda ake duba man giyar baya, wato giyar da ke jikin tayar baya. Kafa shi tsaye a kan babban sitan, a wuri mai shimfiɗa. Fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, don in ya ƙi buɗuwa bayan ka zubar da mai, ka shiga uku. A yawancin tsofaffin babura mai yakan tsaya daidai ƙasan bakin ramin zubawa. Man giya 80W-90 GL-5 ake sawa, ba baƙin man inji ba, amma duba littafin babur ɗinka. Kada ka cika fiye da kima, sil (robar da ke tare mai) zai fara yoyo. In za ka mayar da noti, sa sabuwar washa. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe, ko mai ya yi fari kamar madara, ko yana ɗiga kan birki, kai wa bakanike.