Kyamarata ta faɗa ruwa a Yankari, in gyara ko in sayi wata?

Ka ce kyamararka ta faɗa cikin ruwan Wikki a Yankari, kana tambaya ko ka kai ta gyara ko ka sayi wata. Sayi wata, ɗan'uwa. Amma tun yanzu ka cire batir, ka zare memori, kada ka sake kunna ta. Hotunan tafiyar suna cikin memorin ne, ba cikin kyamarar ba, kuma katin SD, wato memorin, ya fi kyamara jure ruwa nesa ba kusa ba. Goge shi, bar shi ya bushe sarai, sannan ka sa a kwamfuta. In kwamfutar ta nemi ka yi masa fomat, wato ka share duk abin da ke cikinsa, kar ka yarda. Akwai manhajoji kyauta irin su PhotoRec da ke iya dawo da hotuna, muddin ba a ɗora sababbi a kansu ba.

Dalilina: ƙaramar kyamara in ruwa ya shige ta, tsatsa ce ke bin wayoyinta a hankali. Tawa haka ta yi min. Na biya mai gyara, ta yi aiki wata biyu, ranar hawan sallah ta mutu a hannuna ina tsakiyar ɗaukar dawakai. Sai dai fa in taka babba ce mai cire gilashi, to kai gilashin a duba shi daban, wani lokaci ya fi jikin kyamarar tsada. Kyamara tana kasuwa kullum, amma giwayen da ka ɗauka a dajin ba za su sake tsaya maka a wurin ba.