Rumfar kwana biyu don tallan rigunan hawan dutse: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni tela ce a Jos. Ni da yaran shagona muna ɗinka rigunan sanyi da jakunkunan goyo daga yadin auduga mai kauri da ragowar ƙyallayen da teloli ke zubarwa. Ina so in kafa rumfa ta kwana biyu don matasan da ke fita hawan duwatsu su san kayana, su kuma gane cewa ba sa ɓata muhalli. Yaya zan tsara ta?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Kafin a zo maganar ado, ki fara sanin da wa kike takara. Saurayin da zai tsaya a rumfarki ya san hanyar kasuwar Katako, inda zai tsinci jaket ɗin gwanjo mai suna a farashin da ba za ki iya sauka zuwa gare shi ba. Ko ta fuskar muhalli ma ba ki da abin zarginsa, domin rigar da aka riga aka ɗinka ce ya ƙara wa kwana. Saboda haka zancen muhalli shi kaɗai ba zai sa ya zaro kuɗi ba. Abin da ɗan gwanjo ba zai taɓa ba shi ba shi ne wurin komawa idan zif ya mutu ko aljihu ya ɓarke. A kan wannan za ki gina rumfar.

Kamfanin Patagonia na Amurka, wanda ya yi suna da kayan hawan dutse, ya gwada haka a 2015. Ya fitar da mota mai bayan katako, da kekunan ɗinki a ciki, tana bin gari gari ana gyara wa mutane tufafi kyauta, har da waɗanda ba na kamfanin ba. Mutum ya zo da tsohuwar riga, ya tsaya yana kallon ana yi mata faci, ya tafi da sunan kamfanin a bakinsa. Ke kin ma fi su sauƙi, tunda ɗinkin sana'arki ce. Ki ɗora keke ɗaya a gaban rumfa, ba a lungu ba, ki zaunar da yaron da ya fi hannu, ki tanadi zif da maɓallai da zare mai ƙarfi. Mai jiran gyara yakan yi minti goma yana tsaye, hannunsa kuma ba zai rasa taɓa kayan da ke rataye ba.

Wurin kuwa, kada ki kama ɗakin taro a otal. Je ki inda suke haɗuwa da sassafe ranar Asabar kafin su hau, kamar gindin duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829, ko wajen Riyom. Disamba da Janairu ne lokacinki, sa'ad da hunturun Jos ke sa yatsu su ƙandare. Ki nemi jagororin ƙungiyoyin tun da wuri, ki kuma gaida mai unguwar wurin ki nemi izini. Wannan gaisuwar takan hana rigingimu da yawa.

Ga dabarar da na fi so. Ki ware riguna kaɗan masu girma daban-daban, ki ara wa masu hawa, su sa su tafi da su, su dawo miki da su bayan an sauko. Jagoran tafiyar ne zai tsaya musu. Rigar da ta sha gugar dutse da ƙaya ta dawo lafiya ta gama yi wa kanta talla, hotunan da za su ɗauka a can sama su watsa a Instagram da WhatsApp kuma kyauta ne. Cinikin gaske da rana yake, lokacin da suka sauko a gajiye suna neman inuwa da ruwa, don haka kada ki kwashe kaya da hantsi.

Sai gaskiya game da kayan. Auduga tana tare iskar hunturu, amma idan ta jiƙe takan yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma kin san ruwan Agusta a Filato. Shafa mata kakin zuma yana sa yayyafi ya zame, sai dai yana ƙara nauyi da zafi. Ki ajiye buta a kan tebur, duk wanda ya yi tambaya ya zuba ruwa a kan ƙyalle mai kaki da marar kaki ya gani da idonsa. Idan riga ba ta damina ba ce, ki faɗa. Matasan yanzu suna da saurin gano tallan da ya wuce gona da iri, kuma ba sa rufa asiri a intanet.

Labarin muhallin ma a nuna shi, kada a yi wa'azinsa. Tara ragowar ƙyallen da ke shiga jaka guda, ki ɗora a sikeli kusa da jakar da aka gama. Idan kina son allo, layi ɗaya ya isa: a kasuwar Kantamanto ta Accra, ana ƙiyasin tufafin gwanjo miliyan 15 ke shiga duk mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuma shara suke zama.

Rumfar kanta kada ta ƙaryata ki. Babban allon roba da za a yar bayan kwana biyu, da baƙar leda, da tulin ledar fiya wata a ƙasa, duk suna rushe maganarki. Zana da tabarma da igiya sun wadatar, da jarkar ruwa da kofuna. Ki keɓe labule da madubi inda mata za su gwada cikin sutura, ki kuma kawo 'yan riguna masu tsawo waɗanda suka sauka ƙasa da ƙugu, domin 'yan mata masu hijabi suna hawa, kuma gwanjo ba kasafai yake tuna da su ba.

Ki zo da POS da lambar asusu a rubuce, amma ki tanadi canji, saboda sabis yakan ɗauke a gindin dutse. Duk rigar da aka saya, ki ɗinka mata ɗan ƙyalle a ciki mai lambar shagonki da alkawarin gyara, ki rubuta sunan mai ita da ranar ciniki a littafi, bayan wata guda ki tura masa saƙo ki ji yadda rigar take.