Amsa ga mai tambaya kan wulaƙanci da ƙasƙanci

Ɗan uwa da ka tambayi bambancin wulaƙanci da ƙasƙanci da cin mutunci da inda suka samo asali, saboda ogan shagonku ya zage ka gaban kwastomomi, wallahi ina karantawa sai da na ajiye wayar tukuna.

Ƙasƙanci dai daga ƙasa yake, a mai da kai ƙasa ke nan, ni kuwa ba a littafi na koya ba. Lokacin da Baba yake kwance a asibiti na hau acaɓa tun daga unguwar Bolari a Gombe har gidan wani kawunmu, maigadi ya ce Alhaji na barci, na tsaya bakin get tun hantsi har aka kira azahar, da ya fito ko gilashin mota bai sauke duka ba ya ce "kai ɗan wa ne ma?", mutumin da ya yi shekara huɗu yana cin tuwon gidanmu sanda yake makaranta fa, ya zuro dubu biyu ta saman gilas suka faɗi cikin ƙura. Na duƙa na ɗauka, don ba mu da kuɗin allura. Maigadin ma kau da kai ya yi. Duƙawar nan ce har yau take hana ni barci, ba maganar ba.

Mutunci kuma daga mutum ne, in an ci shi to an cinye abin da ya sa kake mutum. Zilla kuwa, wato ƙasƙanci, Larabci ce, tana Baƙara aya ta 61, kishiyarta izza, shi ya sa cikin sunayen Allah akwai Al-Mu'izzu da Al-Muzillu. Kar ka haɗa ta da zalunci, wannan daga zulmu ne. Wulaƙanci a ganina wani ne ke maka shi, amma ƙasƙantar da kai gaban Ubangiji ai abin yabo ne.

Kar ka rama a gaban mutane don Allah, ka samu dattijon layinku a kasuwa ya yi wa ogan naka magana, kuma ka shiga adashi tun yanzu ko na ɗari biyar ne, ka kama naka. Kawun nan ranar da Baba ya rasu shi ne a sahun gaba, har da kuka, ni na shimfiɗa masa tabarma.