Trillium ɗin da ya ɓace a watan Yuli

Ka ce trillium ɗinka, ɗan tsiron dajin nan mai fure da ganye uku, wanda ke ƙarƙashin itatuwan maple, ya yi rawaya a Yuli, yanzu ko ganye babu, ko ka tone ka dasa wani? Kul, yaro, ajiye shebur ɗin.

Bai mutu ba. Haka ɗabi'arsa take a dazuzzukan Ontario ta ƙasar Kanada da gabashin Amurka. Yana fitowa a Afrilu ko Mayu, kafin itatuwa su yi ganye su tare rana. A ɗan wannan lokacin ganyensa ukun nan suke tara abincin shekara, su tura shi cikin saiwa, wata mai kauri kamar ta citta. Inuwa na rufewa sai ya kwanta. Shi ya sa tsinke furen tare da ganyen ɓarna ce: saiwar ta rasa abincinta, baɗi ba fure, wani ma ba ya dawowa. Barewa ma ɓarnar da take yi ke nan, in tana shigowa sai an kewaye da waya.

Kafa ɗan tsinke inda kowanne yake, kada fartanya ta sare shi. Ganyen da itatuwa suka zubar kuwa ka bar shi a kai, shi ne takinsa, shi ke riƙe masa laima. Takin zamani ba ya buƙata.

In ƙari kake so, raba saiwar a ƙarshen Agusta ko Satumba, kowane yanki da idonsa. Binne ta kwance, zurfin santimita 5 zuwa 10, a ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Taɓo ruɓar da ita yake yi.

Iri kuwa sai mai haƙuri. Tsince shi da zarar ƙwansonsa ya yi laushi, domin tururuwa na rigan mutum, akwai wani ɗan maiƙo a jikinsa da suke so. Shuka shi ɗanye, kada ya bushe. Bayan hunturun farko saiwa kawai yake yi a ɓoye, sai bayan na biyu ɗan siririn ganye ɗaya ya leƙo, kamar ciyawa. Nan masu gaggawa suke nome shi. Fure kuwa sai shekara 5 zuwa 7, wani lokaci fiye.

Ka fara da farin nan, nau'in da ake kira grandiflorum, furen lardin Ontario. In ka ga farinsa ya koma ruwan hoda, tsufa ne, ba cuta ba.