Amsa ga ƙanena mai kwikwiyon Labrador

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce kwikwiyonka, wanda kake son horarwa ya riƙa ɗauko tsuntsayen da aka harba a farauta, ya shiga wata biyar, kana tambayar wane usur za ka saya, da yaushe za ka fara jiyar da shi ƙarar bindiga. To usur dai Acme 211.5, shi da yawa daga masu horar da Labrador a nan Ingila suke ratayawa a wuya, a Bamingam ake yinsa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sayi biyu masu lamba ɗaya, don in ɗaya ya ɓata kada sauti ya canja wa karen. Maganar usur ta ƙare.

Amma ni abin da ya tsaya min a muryar nan daban ne. Can wajen ƙarshe ka faɗa kamar da wasa, wai in ka jefa masa dami, wato ɗan ƙunshin tamfol ɗin nan da ake jefa wa kare a madadin tsuntsu, sai ya ɗauka ya yi ta zagaye fili da shi, kana kira yana ƙara gaba. Nan matsalarka take, ƙanena. Karen da ba ya dawowa in an kira shi, me ya haɗa shi da bindiga? Don Allah ka ɗauke damin nan ka sa a saman kabad, sati biyu ko uku kada ya gan shi.

Ka gane, ɗauko abu a jininsa yake. Kakanninsa karnukan masunta ne a Niyufanlan ta Kanada, suna faɗawa ruwan sanyi su jawo igiya da kifin da ya kuɓuce. Tun farkon shekarun 1800 aka riƙa shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Poole a nan Ingila, manyan masu filaye suka yi ta tace irin, har Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta nan ƙasar, ta amince da shi a 1903. Wato an daɗe da gama maka wannan aikin. Abin da ya rage naka uku ne: ya zo in ka kira, ya zauna in ka ce zauna, ya yi tafiya a gefen ƙafarka. Kuma ga shi yanzu yana famfara, daga wata huɗu zuwa shida haƙoran nono ke zubewa, dasashinsa na ciwo. Damin tamfol mai kusan rabin kilo ya yi masa nauyi, ko ya tofar ko ya kwanta yana tauna, duk biyun kuma in suka zauna masa sai ka sha wahala.

Kira tukuna. Duk sanda za ka ba shi abinci, ka busa gajeru gajeru, fit fit fit fit, sannan ka ajiye kwanon. A fili kuma kada ka busa sai ka ga ya riga ya nufo ka da kansa, sai ka busa, ka durƙusa, ka buɗe hannu, ka yi masa murna sosai. In ya ɗauki wani abu ya gudu, kada ka bi shi. Wallahi kada ka bi shi! Kana binsa ka zama abokin wasan tsere. Juya masa baya ka ruga ta wancan gefen, za ka ji shi a dugaduganka. In ya iso kuma, ko ya ɓata maka rai ya kai ina, ba faɗa. Shi abin da zai riƙe shi ne na zo wajen maigida an yi min tsawa, gobe ba zai zo ba.

Bayan hutun nan, in za ka dawo da ɗauko, a cikin gida za ka fara, a lungun nan tsakanin ɗakuna, ka rufe ƙofofi duka. Ka zauna a ƙasa ka miƙe ƙafafu, ka naɗe tsohuwar safa ka jefa zuwa ƙarshen lungun. Ba shi da hanya sai ta kanka. In ya zo da ita kada ka fizge. Bar shi ya hau cinyarka da abinsa a baki, kana shafa masa ƙirji, kana yaba shi a hankali, sai can ka sa tafin hannu ƙarƙashin haɓarsa ka karɓa. Jifa biyu, ya yi yawa uku, ka tashi ka ɓoye safar yana kan marmari. Ba kuma kullum ba, sau biyu ko uku a sati ya isa.

Wannan maganar ta yawan jifa ita ce ke ƙona min rai, bari in gaya maka dalili. Baƙar karyata ta farko, tana kusan shekarun naka, wani ɗan'uwanmu ya zo hutu ya sauka a gidana. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Na roƙe shi, na ce don Allah yaya, kome za ka yi da ita yi, amma kada ka jefa mata abu, kada ka ja abu da bakinta. Na fita aiki. Ashe kullum sai ya ɗauki ƙwallon tanis ya fita da ita bayan gida, ya yi ta wurgi har sai ta kwanta tana haki, in ta kawo kuma ya kama ƙwallon suna ja-in-ja, yana dariya wai tana da ƙarfi. Da na yi magana sai ya ce haba, kare ne fa, wasa yake so. Kare ne fa! Karyar da take kawo min safa har tafin hannu, ta koma tana tsayawa nesa da ni tana girgiza kai da dami a baki, tana jira in zo mu yi kokawa. Ta koyi danne abu da turame. Ranar da na fara ba ta mataccen tsuntsu mai sanyi, hasbiyar daji, na karɓa na taɓa haƙarƙarin, gefe ɗaya ya lotsa. Ka san a gasar karnukan farauta a fili alƙali haka yake yi, ya kwantar da tsuntsun a tafin hannu ya lalubi haƙarƙari, in ya ji a murƙushe an sallami karenka, sai ka kama hanyar gida. Ba ma gasa ba, wane mai gandu ne zai sake kiranka kana kawo masa tsuntsayen da ba za su sayu ba? Na sha fama kafin bakinta ya yi laushi, kuma har ta tsufa in ta ga ƙwallo jikinta rawa yake. Shi kuwa har yau in mun haɗu sai ya ce ina karyar nan tawa mai ƙarfi. Tasa! Kuma irinsa ne cike da wuraren shaƙatawa, da sandar roba ta wurga ƙwallo, kwikwiyo na gudu yana taka birki yana juyi a kan gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba, Labrador kuwa dama an san shi da matsalar ƙugu da gwiwar hannu.

Af, wannan ya tuna min, na so in tambaye ka ko ka ga sakamakon hoton ƙugun iyayensa, da ko layin aiki ne ko na nuni, ko akwai FTCh, wato alamar zakaran gasar fili, a takardarsa... a'a, bar shi, ka riga ka saya, da wanda ke hannunka za mu yi aiki. Ka dai gargaɗi yaran gida da baƙi, abin da nake son faɗa ke nan.

Ina nake? Zama. Ka ɗaga kwanon abinci sama da kansa, gindinsa zai sauka da kansa, ka ce zauna, ka ɗaga tafin hannu, daga baya ka haɗa da busa ɗaya doguwa. Busar nan ita ce birkinsa har ƙarshen rayuwarsa, ko yana nesa da kai ya ji ta ya tsaya ya dube ka. Tafiya kuma a gefen hagu, da igiyar zarge ta masu farauta, minti biyar a wuri shiru. Na ce hagu, to, in kai bahago ne sai dama, abin nufi kare ya kasance ɓangaren da ba bindiga.

Sai ya kai wata bakwai, takwas, wani ma tara, ka ga waɗannan sun zauna, sannan a shiga haƙuri. Ka zaunar da shi, ka jefa dami, kai da kanka ka taka ka ɗauko yana kallo. Mafi yawa kai za ka ɗauka, shi ɗaya zai samu, wata rana ma ko ɗaya. A nan ya bambanta da karnukan mafarautanmu na gida, su ana so su ga zomo su rufa masa. Wannan aikinsa ya zauna tsit ana harbi, tsuntsaye na faɗuwa gabansa da bayansa, bai motsa ba, bai yi ko ƙugi ba, sai an gama ka tura shi. Kuma wanda za ka fara tura shi a kai shi ne wanda harbi ya raunata ya shige ƙaya da gudu. Ni saboda wannan nake aikin nan, kada a bar halitta da rauni ta kwana tana wahala a daji. Karen da ya saba rugawa kan kowane abu da ya faɗo ba zai samo maka wannan ba, yana can yana wawason matattu.

Yauwa, wanda ya yi tambaya jiya kan hukuncin ajiye kare a Musulunci, ka duba Suratul Ma'ida aya ta 4, an ambaci dabbobin farauta da aka horar, hadisi ma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona. Sauran bayani malamanmu na cikin zauren nan.

Bindiga ita ce ƙarshe. Yanzu dai ka riƙa tafa hannu ko buga murfin tukunya daga wani ɗaki yana cin abinci. Nan gaba, sai ka samu wani ya tsaya can nesa, kamar tsawon filin ƙwallo, da ƙaramar bindigar nan mai ƙara kawai ba harsashi, ya harba kai kana wasa da karen. Kana kallon kunnensa da wutsiyarsa. In ya ɗaga kai da sha'awa, wani satin a matso kaɗan. In ya maƙale wutsiya, a koma baya a ba shi lokaci. Karen da aka tsorata da bindiga da wuya ya warke, na ga masu kyau sun tashi a banza saboda harbi ɗaya a kusa da kunne. Daren 5 ga Nuwamba da ake wasan wuta, ka shigar da shi ciki ka kunna rediyo. Kuma kada wani ya ruɗe ka da abin wuya mai lantarki, a Wels ma tun 2010 aka haramta shi.

Kakar harbin fezan, tsuntsun nan mai kama da kazar daji da ake farauta a nan, tana farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 1 ga Fabrairu. Ta bana ba tasa ba ce, ko wa ya gayyace ka. Kai ka zo, ka bar shi a gida, ka tsaya bayan masu tsintar tsuntsu ka ga yadda karnukansu ke zama. In ka samu ƙungiyar masu horo kusa da kai mai ajin ƙananan karnuka, ka shiga, don ya saba zama cikin 'yan'uwansa ana jefa wa wani shi yana kallo.

Yau da daddare ka ɗauko min bidiyon lokacin cin abincinsa da busar kira, ka turo min ta gefe. Ina son in ji yadda kake busawa, don yawancin sababbi suna jan ta har ta koma kamar ta tsayawa.