Amsa: Za a iya yi wa jirgin sama kutse ta wifi ɗin fasinja?

Malam, tambayarka cewa ko mutum yana zaune a kujerarsa da kwamfuta zai iya ƙwace jirgi ta wifi, gaskiya abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma ba a banza ake tsoron ba. A 2015 FBI ta tsare wani masanin tsaron kwamfuta Chris Roberts a Amurka, ta ce ya faɗa musu ya taɓa shiga ta akwatin talabijin da ke ƙarƙashin kujera har ya ba injin jirgin umarni, sai dai masana da yawa ba su yarda ba.

Dalili kuwa an raba layukan ne, na fasinja daban na matuƙa daban, kuma a tsohon tsarin ARINC 429, wanda na'urorin jirgi ke aika wa juna bayanai da shi, hanya ɗaya bayani yake bi, taswirar da kake kallo a allon kujera karɓa kawai take yi ba ta mayar da umarni. Tun 2008 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gindaya wa Boeing sharaɗi kan jirginsu samfurin 787 sai sun nuna rabuwar nan.

Ni inda ya fi damuna a ƙasa ne wallahi. A Yunin 2015 an kai wa kwamfutocin kamfanin jiragen saman Poland, LOT, hari a Warsaw, fasinja wajen 1,400 suka maƙale. Ga ADS-B da jirgi ke sanar da inda yake ba a ɓoye saƙon ba, ga GPS na bogi da matuƙa ke ta kuka da shi a Gabas ta Tsakiya, shi ya sa har yanzu ba a yar da rada da tsoffin na'urorin gane hanya ba, kuma a sabbin jirage irin su 787 manhajar da injiniya zai loda wa jirgi sai an tantance sa hannunta na kwamfuta da ke nuna daga inda ta fito.