Amsa kan alamomin fuskar kwamfuta da suka ƙi zama inda aka ajiye su

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa duk lokacin da ka ja alamar wani fayil ko folda zuwa gefen dama na fuskar kwamfutarka, sai ta koma hagu da kanta ta shiga layi, har kana tunanin ko cuta ce ta kama na'urar. Ka kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Wani saiti ne kawai yake a kunne.

Tunda ba ka faɗi irin wadda kake amfani da ita ba, zan ɗauka Windows 10 ce ko 11, duk hanyar ɗaya ce. Ka samu wuri a fuskar inda babu komai, ka danna maɓallin dama na maus, ka kai kan View. Za ka ga Auto arrange icons da alamar maki a gefensa. Danna shi makin ya fita. Shi ke nan, yanzu duk inda ka ja abu can zai zauna.

A ƙarƙashinsa akwai Align icons to grid, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure, su cire su biyun a tare. Ni shawarata ka bar wannan a kunne. Fuskar kwamfuta tana da gidaje da ido ba ya gani, kamar layukan littafin lissafi, aikin wannan saitin shi ne ya gyara wa alama zama a gidan da ya fi kusa da inda ka sake ta. Na taɓa kashe shi na kusan wata guda don ina son cikakken 'yanci, sai ga alamomi suna hawa kan juna, sunan wani fayil ya rufe na wani, wata folda da na kwana biyu ina nema ashe tana maƙale a bayan wata, gefenta kaɗai ya leƙo. Tun daga ranar na mayar da shi.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: cire makin ba ya hana su watsewa wata rana. Babban abin da ke watsa su canjin girman allo ne, wato yawan ɗigon hoto da allon ke nunawa a faɗi da tsayi (resolution). A ce allonka 1920 da 1080 ne, ka jera kayanka har ƙarshen dama. Ranar da ka haɗa da majigi ko wani ƙaramin allo mai 1366 da 768, gidajen da ke can gefe sun daina wanzuwa, dole Windows ta kwaso abin da ke cikinsu ta cusa inda ta samu wuri. Idan ka cire wayar, ba kullum take mayar da su ba. Ya faru da ni a gaban jama'a, ina shirin gabatar da aiki, na jona majigi, fayil ɗin da na ajiye a kusurwar sama ta dama don in same shi da sauri ya ɓace cikin sauran, ina ta lalube mutane suna jira. Haka ma idan ka canza sikelin rubutu daga kashi 100 zuwa 125 ko 150, ko wani tsohon wasan kwamfuta ya rage girman allo yayin buɗewa. Akwai kuma wanda hannu ke jawowa ba da niyya ba: ka riƙe Ctrl ka murza tayar maus, nan take alamomin su girma ko su ƙanƙance, jeri ya rushe. Sort by ma haka yake, da ka taɓa shi ya kwashe komai zuwa hagu ko da ka cire makin can.

Don haka ga yadda nake yi yanzu. Abubuwan da nake buɗewa kullum ina barinsu a ɓangaren hagu da sama, don nan ne canjin allo bai cika taɓawa ba. Dama kuwa na aikin wucin gadi ne, wanda zan gama a cikin mako. Idan na gama jeri sai in danna F5, kuma in kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, domin na lura idan wuta ta ɗauke ko aka danne maɓallin kashewa da ƙarfi, sau da yawa tsohon jeri take dawo da shi. Sannan in danna maɓallin Windows da na PrtScn a tare in ɗauki hoton fuskar in ajiye. In kana yawan jona allo na biyu, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna DesktopOK, tana adana wurin kowace alama ta mayar da su da dannawa ɗaya. Ta rage mini wahala sosai.

Kada ka ɓata lokaci kana neman irin wannan 'yancin a cikin folda. Tun daga Windows 7 aka cire shi, a fuskar kwamfuta kaɗai ya rage.

Idan kuma Mac ce a hannunka, ka danna dama ka shiga Sort By ka zaɓi None, ka kuma tabbatar Use Stacks a kashe yake, don shi ne ke tattara fayiloli rukuni-rukuni tun daga macOS Mojave ta 2018. Ka gwada, in har bayan ka cire makin suna ci gaba da komawa hagu duk sanda ka kunna, ka faɗa mini ko kana haɗa ta da wani allo, daga nan za mu fara bincike.